Skyforce: Ƙungiyar da Gasarta Ta Mutu Ta Bar Ta

In ana hirar ƙwallon kwando ta Amurka, Lakers da Celtics ake ambata. Da wuya ka ji an kira sunan Sioux Falls Skyforce, alhali a duk ƙungiyoyin ƙaramin rukuni na ƙasar babu wadda ta kai ta daɗewa a fili.

An kafa ta a 1989 a Sioux Falls, birni mai mutum wajen dubu 200 a jihar Dakota ta Kudu. Ta fara wasa a gasar CBA, wadda a zamanin ita ce rumbun da NBA ke ɗibar 'yan wasa in wani ya ji rauni. Kofinta na farko ya zo a 1996.

Sai masifa ta faɗo daga sama. A 1999 Isiah Thomas, tsohon tauraron Detroit Pistons, ya sayi gasar ɗungurungum a kan dala miliyan 10. Shekara na zagayowa ya karɓi aikin kocin Indiana Pacers, dokar NBA kuwa ba ta yarda ya haɗa biyun ba. Aka nemi mai saye aka rasa. A Fabrairun 2001, ana tsakiyar kakar wasa, CBA ta durƙushe. Skyforce ta fake a wata gasa mai suna IBL, ita ma ba ta ƙara kaka ba ta rufe. Da aka farfaɗo da CBA Skyforce ta koma, har ta sake cin kofi a 2005 a hannun Dave Joerger, wanda daga baya ya horar da Memphis Grizzlies.

A ganina, shawarar 2006 ce ta cece ta. Shekara guda da cin kofi, masu ƙungiyar suka tattara suka koma gasar reno ta NBA, wadda yau ake kira G League. Sun hango inda ƙarfi ya karkata, kuma ba su yi kuskure ba: CBA ta rufe a 2009.

Tun 2013 Miami Heat kaɗai take yi wa reno, a 2017 kuma Heat ta sayi kaso mafi rinjaye. Tsakanin biranen biyu akwai fiye da kilomita 2,000, ɗaya bakin teku da zafi, ɗaya ƙanƙara. Yawancin ƙungiyoyin NBA sun fi son ƙaramar ƙungiyarsu kusa da gida, amma Heat ta bar tata a inda ta same ta, a zauren Sanford Pentagon mai cin mutum dubu uku da 'yan kai. A can Skyforce ta ci wasa 40 cikin 50 a kakar 2015 zuwa 2016, ta haɗa da kofi.

Goyon bayan irin wannan ƙungiya sai mai haƙuri. Duk ɗan wasan da ya haskaka, waya ɗaya daga Miami ta isa a ɗauke shi, ko da gobe akwai babban wasa. Haka Duncan Robinson ya wuce. Haka ma Gabe Vincent, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne: babu wanda ya zaɓe shi a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2018, ya zo Skyforce a 2020, a Yulin 2021 ya ci maki 21 ranar da D'Tigers na Najeriya suka doke Amurka 90 da 87 a Las Vegas. A 2023 yana cikin biyar na farko na Heat a wasannin ƙarshe na NBA, daga nan Lakers ta ɗauke shi a kan dala miliyan 33 na shekara uku.