Likitanmu da Izinin Zama na Dindindin a Ƙasar Waje

Yaron da ya tashi a Zuru ya samu gurbin karatun likita, galibi Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato yake nufa, ko Zariya, ko Kano. Shekara 6 yana karatu, sai shekara 1 ta horon aiki a asibiti, sai bautar ƙasa. Kafin ya kammala waɗannan, wasu daga cikin waɗanda suka riga shi sun fice, suna turo masa labari daga Riyad ko Manchester. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci kimanin 16,000 ne suka bar Nijeriya cikin 'yan shekarun da suka gabata. Fita neman abinci ba baƙon abu ba ne a ƙasar Zuru, wadda ta daɗe da yin suna wajen ba da 'ya'yanta aikin soja. Sai dai shi soja ya san ranar dawowarsa gida, likita kuwa sau da yawa zama yake nema.

Abin da ya fi rikita masu wannan shiri shi ne ɗaukar abubuwa uku a matsayin ɗaya. Lasisin duba marasa lafiya daban, bizar aiki daban, izinin zama na dindindin daban, kuma ba ofishi ɗaya ke bayar da su ba. Akwai ƙasar da za ta ba mutum aiki shekara 20 ba ta ba shi zama ba, akwai wadda za ta ba shi zama ta hana shi taɓa majinyaci.

Saudiyya ce misali na farko, kuma tana jan likitocin Arewa, saboda addini, da saukin tafiya, da albashin da ba a cire masa haraji. Hukumar kula da ma'aikatan lafiya ta ƙasar tana tantance takardu ta hannun kamfanin DataFlow, a yi jarrabawa, a samu kwantiragi. Amma iƙama, wato takardar zaman ƙasar, a ɗaure take da aikin. Ranar da kwantiragi ya ƙare ba a sabunta ba, sai haɗa kaya, ko da 'ya'yan duk a can aka haife su. A 2019 ne ƙasar ta buɗe wani izinin zama na musamman, wanda na dindindin ɗinsa aka sa masa Riyal 800,000. Ga yawancin likitoci dai, zuwa Saudiyya ci-rani ne mai tsawo.

Birtaniya ce ta shimfiɗa hanyarta a fili. Hukumar likitocinta, GMC, tana fara neman shaidar Turanci: maki 7.5 a jarrabawar IELTS ba tare da wani sashe ya gaza 7 ba, ko matakin B a OET. Daga nan sai jarrabawar PLAB kashi na farko, wanda ake iya rubutawa a Nijeriya, sannan kashi na biyu a Manchester, inda ake kallon yadda mutum ke magana da majinyaci. Idan wani asibiti ya ɗauke shi, zai nemi bizar ma'aikatan lafiya da aka ƙirƙiro a 2020. Bayan shekara 5 a kanta ne ake neman zama na dindindin, da sharaɗin cin jarrabawar sanin rayuwar ƙasar mai tambayoyi 24, da kuma cewa bai yi fiye da kwana 180 a waje ba cikin kowane wata 12. Wannan sharaɗi na ƙarshe abin lura ne ga mutanenmu, domin rasuwa, jinyar iyaye da bikin 'yan'uwa ba sa ƙarewa. A 2025 gwamnatin ƙasar ta fito da shirin mayar da wa'adin shekara 10 ga yawancin baƙi, don haka ƙa'idar da mutum ya shiga da ita ba lalle ita zai tarar a ƙarshe ba.

Nijeriya tana cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 a matsayin masu ƙarancin ma'aikatan lafiya, shi ya sa aka hana asibitocin gwamnatin Birtaniya zuwa farautar likitoci a nan. Likita da kansa yana iya neman aiki. Duk dillalin da ya ce shi wakilinsu ne, a kawo kuɗi, sai a yi hattara da shi.

Hanyar Amurka ta fi tsawo da tsada. Sai an ci jarrabawar USMLE, hukumar ECFMG ta tantance, sannan a sake horon ƙwarewa daga tushe, ko da mutum babban likita ne a gida. Da yawa sun shiga da bizar J-1, wadda ke wajabta komawa gida na shekara 2 bayan horo. Mafitar da aka fi bi ita ce shirin Conrad 30, wanda ya samo asali a 1994: kowace jiha tana iya neman a ɗage wa likitoci 30 wannan sharaɗi a shekara, idan za su yi shekara 3 a yankin da ba shi da isassun likitoci. Abin dubawa ne a nan. Likitan da ya ƙi a tura shi Danko ko Sakaba, sai ga shi yana neman a tura shi ƙauyen wata jiha a Amurka, domin ta nan katin zama yake fitowa. Su sun sa wa aikin karkara lada mai tsoka, mu kuwa sau da yawa da shi ake horon ma'aikaci.

Kanada takan ba da zama tun mutum bai sauka ba, ta tsarin ba da maki, kuma daga 2023 ta ware wa ma'aikatan lafiya kaso. Lasisin kuwa na larduna ne, guraben horo kaɗan, shi ya sa ake samun likita da katin zama yana wata sana'a.

Ko wace ƙasa aka nufa, rabin aikin a gida ake yin sa. Suna da ranar haihuwa dole su zo ɗaya a fasfo, lambar NIN, takardar digiri da rajistar hukumar likitocin Nijeriya, MDCN; Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya tsayar da fayil watanni. Takardar shaidar kyakkyawan hali daga MDCN, wata 3 kawai GMC ke karɓarta, sakamakon Turanci kuma shekara 2, saboda haka wanda ya yi gaggawar karɓa zai biya sau biyu. Za a tambayi tarihin aikin shekara 5, kuma duk giɓi sai an yi bayaninsa.

Sai maganar iyali, wadda ake barin ta sai ƙarshe. Auren da aka ɗaura a masallaci ko coci yana buƙatar takardar shaida. A Birtaniya, ɗan da ya kai shekara 18 ba ya bin uba a biza. Birtaniya mata ɗaya take yarda a shigo da ita, dokar Amurka ma ba ta ba mai niyyar zama da mata fiye da ɗaya izinin zama. Likita mai mata biyu ya kamata ya zauna da gidansa a kan wannan tun kafin ya biya kuɗin jarrabawar farko.