Tsakanin Albashin da Aka Sanar da Wanda Ya Shigo Hannu

A watan Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000. A Zamfara kuwa, watan Yunin shekarar ne ma gwamnatin Dauda Lawal ta fara biyan 30,000 ɗin da aka amince da shi tun 2019. Duk sa'ad da rediyo ya kawo irin wannan labari, kafin ma'aikaci ya ga ko sisi, mai gidan haya a Damba ya ji, mai shagon da ke ba shi bashi a Tsafe ya ji, dangi a Bungudu ma sun gama yi masa lissafi. Kowa da adadin da aka sanar yake aiki. Ma'aikacin kaɗai ya san abin da alat ke nunawa a ƙarshen wata, kuma sau da yawa shi ma bai san inda saura ya maƙale ba.

Jimillar albashi ita ce duk abin da aka rubuta wa mutum: gundarin albashi haɗe da alawus na gida da na sufuri da sauransu. Abin da ke shiga asusu shi ne ragowar bayan cire-cire. Kamar damin gero ne, sai an sussuke an sheƙe ake sanin mudu nawa ya bayar.

Haraji ne aka fi tsinewa, don haka mu fara da shi. Ana yanke shi tun kafin kuɗi su fito, kuma na farar hula jihar da yake zaune ake kai wa. Ko da albashin malamin Jami'ar Tarayya ta Gusau daga Abuja yake zuwa, harajinsa na Zamfara ne. Sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026 ta yafe naira 800,000 na farko a shekara. Abin da ya hau kai har zuwa miliyan 3 ana ɗaukar kashi 15 cikin ɗari, a riƙa hawa har kashi 25 ga manyan masu samu. Mutane da dama na zaton in ƙarin girma ya tsallakar da su zuwa mataki na gaba, dukkan albashin za a yanka da sabon kaso. Ba haka ba ne. Ɗorin kaɗai ake yanka.

A ɗauki misalin mai 150,000 a wata, gundarinsa 60,000, saura alawus na gida da sufuri. Fansho zai ɗauki 12,000, asusun gidaje 1,500. Sai bayan an ware waɗannan ake lissafa haraji, ya kama 10,475. Saura 126,025 ke nan, kafin inshorar lafiya da kuɗin ƙungiya irin su NUT ko NULGE su ɗauki nasu. In yana haya kuma ya gabatar da shaida, doka ta ce a ware kashi 20 cikin ɗari na kuɗin hayar shekara daga abin da za a ɗora wa haraji, amma abin da za a ware ba zai wuce 500,000 ba. Wanda bai nema ba, ba wanda zai bi shi da shi har gida.

Fansho da asusun gidaje ba asara ba ne. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 10, duka a asusu mai sunansa. Wannan ya shafi ma'aikatan tarayya da kamfanoni. Na jiha da ƙananan hukumomi dokar jiharsu ce ke aiki a kansu. Kashi 2.5 na gidaje kuwa, tun dokar 1992 Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ke karɓa, kuma wanda ya yi ritaya ba bashin gida a kansa yana da haƙƙin neman a mayar masa.

A ganina, abin da ya fi rame albashi mu muke sa masa hannu. Rancen banki na sayen babur, shinkafa da sukarin azumi daga kofaretif, ragon layya biyan wata-wata, ga adashin ofis. Kowanne shi kaɗai ba ya da nauyi, amma duk rana ɗaya suke zuwa karɓa. Dokar ƙwadago ta hana a cire wa ma'aikaci fiye da sulusin ladansa a wata, sai dai bankin da ke jiran kuɗi su sauka a asusu bai shiga wannan lissafin ba. Mai neman rance da jimillar albashinsa yake auna ƙarfinsa, alhali da ragowar zai ciyar da gida.

Saboda haka takardar albashi ba abin kunya ba ce a nema wurin akanta, a bi ta layi-layi. Cirewa daban, kai kuɗin inda aka nufa daban. Doka ta ba mai ɗaukar aiki kwana 7 na aiki bayan biyan albashi ya tura kuɗin fansho, in ya saɓa akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari ba a kowane wata. Wanda ya ga ana cire masa amma saƙon kamfanin fanshonsa bai nuna shigar kuɗi ba, ya fara da ofishinsu, in ba a gyara ba ya kai kuka hukumar PenCom.