In kuloci ya yi laushi, ku fara duba mai

Ƴan uwa manoma, kaka ta yi. Motoci na shiga Lugu da Bagaji ɗaukar wake da hatsi, su fito gudoro wajen Dan Kasari, su nufi Dogon Dutsi. Hanyar rairayi ce. In mota ta mace a can, buhuna su kwana daji, kasuwa ta ci ba da ku ba, ga kuɗin amalanke bisa kuɗin mota. Sau da yawa kuwa abin da ya tsaida ta bai wuce man kuloci ba.

Toyota Hilux da Hiace, da Land Rover, da tsohuwar Peugeot 504 wadda anka fara yi Faransa a 1968, duk kulocinsu da mai shike aiki. Akwai famfo biyu. Na bisa shina bayan feda, da ɗan gwangwanin mai a kanshi. Na ƙasa shina jikin akwatin giya. Siririn tiyo ya haɗa su. In direba ya taka, mai ya tura, injin ya rabu da giya. In mai ya zube, iska ta shiga madadinshi, ita kuwa iska matsewa take, ba ta turi. Sai feda ta tafi ƙasa kamar an taka auduga, giya na ƙara, ta ƙi shiga.

Ku buɗe gwangwanin. In mai ya yi ƙasa, ku nemi inda shike fita. Tabarmar ƙafar direba ta jiƙe? Robar famfon bisa ce ta ci. Ɗigo ƙarƙashin akwatin giya? Na ƙasa ne, ko tiyo. In gwangwani cike shike, babu ɗigo, amma mota na jan jiki alhali ƙafa na bisa feda, robar ciki ce ke sakin mai baya. Sai sabuwa.

Nan ne ake ɓarna. An rasa man birki cikin ƙauye, sai a zuba man injin, wasu har man gyaɗa. Kada ku yarda, ko da direba ya rantse ya saba. Man injin kumbura roba shike, kwana kaɗan famfo biyun su lalace, gyaran roba ɗaya ya koma na duka. Man birki kaɗai ake sawa, mai rubutun DOT 3 ko DOT 4 jikin gwangwani. Kun yi karatun yaƙi da jahilci, ku karanta da idonku. Ku sayi rufaffe. Wanda anka ɗura cikin kwalba ya sha rana bisa tebur ya riga ya sha danshi da ƙura. Guba ne kuma, a nisanta shi da yara.

Fidda iska aikin mutum biyu ne. Direba ya taka feda sau huɗu ko biyar, ya riƙe ta ƙasa. Yaron mota ya shiga ƙarƙashi, ya sassauta ɗan notin da ke jikin famfon ƙasa, mai ya fito da kumfa, ya ɗaure. Sai ya ce "saki!" kana direba ya ɗaga ƙafa. In an saki kafin a ɗaure, iska ta koma. A yi ta yi har kumfa ya ƙare, ana ƙara mai kada gwangwani ya ƙafe. Kafin a shiga ƙarƙashi a kashe injin, a sa dutse ga taya.

Wata cutar daban ce. In feda lafiya lau, giya na shiga, amma injin na ruri mota ba ta gaba, ga warin ƙuna, faifan kuloci ne ya cinye, galibi don dambe da rairayi da lodi ya wuce kima. Wannan ko lita goma kunka zuba ba ta magani. Sai an sauke akwatin giya a garaji, Dogon Dutsi.