Fim ɗin da ya yi suna da wanda aka manta

Jean Gabin da Michèle Morgan sun fito a matsayin masoya a Le Quai des brumes na Marcel Carné a 1938, suka sake haɗuwa a Remorques na Jean Grémillon a 1941. Da hannun Jacques Prévert a rubutun duka biyun. Na farko ya yi suna har wajen Faransa, na biyu kuwa sai an tona. Shi ne kuma ya tsaya mini a rai.

A fim ɗin Carné, soja ne ya tsere ya faɗa garin Le Havre cikin hazo, ya haɗu da Nelly, 'yar shekara 17. Miyagun a fili suke: Zabel mai riƙonta, da Lucien, ɗan daban da ya harbe sojan a titi. Kyau kam akwai shi, amma an sauƙaƙa wa mai kallo. Ka san wanda za ka tsana, ka san wanda za ka yi wa kuka.

Remorques bai bar maka wannan mafaka ba. André Laurent kyaftin ne na Cyclone, jirgin da ke fita daga Brest cikin guguwa ya janyo jiragen da teku ta fi ƙarfinsu. Shekararsa 10 da auren Yvonne, wadda Madeleine Renaud ta fito a matsayinta. Ciwon zuciya na cinta tana ɓoyewa, ba abin da take roƙo sai ya bar teku ya zauna da ita. Ana haka sai ga Catherine, daga wani jirgi da André ya je ceto, suka kamu da son juna. Mai kallo a wajenmu zai iya cewa ya ƙara aure mana, to Catherine matar wani ce, dokar Faransa kuma mace ɗaya ta yarda a aura.

Ba mugu a cikin ukun nan, abin da ke ci mini rai ke nan. Catherine da kanta ta janye. Yvonne ta cika, gawarta ba ta huce ba aka aiko cewa wani jirgi na neman agaji. André ya gangara matakala cikin ruwan sama, ya koma bakin aiki. Harsashi ya hutar da sojan Carné, shi kuwa André da ransa zai ɗauki kayansa.

Yaƙi ya katse ɗaukar Remorques a 1939, kafin ya fito kuma Gabin da Morgan suna Amurka. In ɗaya kaɗai za ka samu, mai karatu, nemi na Grémillon.