Sanƙarau: Masu Binciken Sukari Da Allurar Yaranmu

Ƴan kasuwar Birnin Kwanni, Malbaza da Illela sun san ɓarnar sanƙarau in bazara ta kama. Ƙwayar cutar tana lulluɓe da rigar sukari, wadda jikin jariri ba ya riƙe kamanninta. A Amurka, Dokta Carl Frasch da Dokta Che-Hung Lee suka gano hanya mai rahusa ta ɗaure sukarin da furotin, don jiki ya riƙa tunawa. Da dabararsu kamfanin Serum na Indiya ya haɗa allurar MenAfriVac. Nijar ta fara yin ta a 2010, nau'in A ya ja baya ƙwarai. Sai dai akwai saura, kamar nau'in C da ya yi ɓarna a 2015. Iyaye mata, in zazzaɓi ya zo da sanƙarewar wuya, ku bar rumfa ku kai yaro likita.