Ko Kun Sani? Yaran Kano a Kotun Amurka

A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a asibitin IDH na Kano, inda aka sa yara kusan 200. Goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka kurmance, wasu suka shanye. Kamfanin ya ce cutar ce sanadi.

Iyayen yaran sun kai ƙara New York, suna cewa ba a nemi yardarsu ba. A Janairun 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta ce gwada magani a jikin mutum ba da yardarsa ba ya saɓa wa dokar ƙasa da ƙasa, ta kafa hujja da ƙa'idojin Nuremberg na 1947. A 2009 ɗin kamfanin ya sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75.