Ɗan Kama da Ɗan Fim: Kwatancin Fasahar Ban Dariya a Dandali da Gaban Kyamara

Gabatarwa

Sau da yawa masu nazarin wasan kwaikwayon Hausa sukan zuba duk mai ba mutane dariya a kwando ɗaya, su auna shi da mudu ɗaya, ko a bakin kasuwa yake wasa ko a cikin fim. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa sana'o'i biyu ne, kowace da sharuɗɗanta, kuma gwanin ɗaya ba lalle ne ya zama gwanin ɗayar ba. An ɗauki birnin Sakkwato a matsayin misali, domin a can matakan uku na wannan fasaha suka haɗu cikin zamani ɗaya: dandalin gargajiya, da gidan talabijin, da kuma fim ɗin bidiyo da ya zo daga baya.

Ɗan kama da 'yan kallonsa

Tun kafin zuwan majigi, Hausawa suna da masu sana'ar raha, irin su wawan sarki a fada, da 'yan gambara, da 'yan kama. Waɗannan na ƙarshe su ne C. G. B. Gidley ya yi nazari a kansu a shekarar 1967. Ɗan kama yakan yi shigar malamai, ya ɗauki muryar mai wa'azi ko karin wata sananniyar waƙa, sa'an nan ya juyar da zancen gaba ɗaya ya koma kan tuwo da fura da nama. Dariyar tana fitowa ne daga tazarar da ke tsakanin girman murya da ƙanƙantar abin da ake magana a kai.

Abin lura shi ne, ɗan kama ba shi da rubutaccen wasa. Yana da jari na zantuka da ya haddace, amma jerin su da tsawonsu, taron da ke gabansa ne ke yanke hukunci. In ya tsaya a kasuwar Sakkwato, ko a ƙofar gidan biki, idonsa yana kan fuskokin mutane. In magana ta ci, sai ya ja ta. In ta faɗi, sai ya tsallake ta kafin a lura. In wani ya tanka masa, tankawar ta zama kayan aiki. In mai kuɗi ya wuce, sai zancen ya karkata wajensa. Watau 'yan kallo abokan ƙira ne, kuma ladan aikin a nan take ake biyansa, da dariya da kyauta. Saboda haka ma'aunin gwanintarsa guda uku ne: saurin azanci, da sanin lokacin da za a saki magana, da iya karanta taro.

Talabijin: gada tsakanin biyu

Da aka kafa hukumar talabijin ta ƙasa, NTA, a 1977, tashoshin jihohi suka shiga ƙarƙashinta, har da ta Sakkwato, wadda ta yi suna da shirin Idon Matambayi. Wasannin Hausa na wancan zamani galibi ba a rubuta maganganunsu. Mai shiryawa yakan bayyana jigon labari da abin da ake so kowace fitowa ta ƙunsa, sauran kuwa ya rage ga bakin 'yan wasa. Wannan tsari ya buɗe ƙofa ga masu baiwar ƙaga magana nan take.

A cikinsu akwai Shehu Jibril, mutumin Talatar Mafara, wanda duniya ta fi sani da Golobo. Mafara a lokacin tana cikin Jihar Sakkwato, kafin a yanke Zamfara a 1996. Babban makamin Golobo shi ne harshe, wato karin Hausar yamma, wanda ya riƙe bai sassauta ba don a fahimce shi a Kano ko Zariya, sai ma ya mai da shi tambarinsa. Haka a Kaduna Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, ya gina Samanja Mazan Fama a kan Hausar bariki da ya sani tun yana soja.

Duk da haka, wani abu ya riga ya salwanta. A ɗakin ɗaukar shiri babu taro. Ɗan wasa yana ƙaga magana, amma ba ya jin amsarta sai bayan kwanaki, a bakin mutanen gari. Abokin wasansa ne kaɗai ya maye gurbin 'yan kallo. Wannan ne ya sa nasara ta koma hannun wanda ya iya ƙera hali guda tabbatacce, mai murya da shiga da tafiya da aka sani, ta yadda dariya za ta riga magana zuwa.

Abin da fim ke nema

Fim ɗin bidiyo na Hausa ya fara a Kano da Turmin Danya a 1990, kuma ba a jima ba kaset-kaset suka cika kasuwannin Arewa, har da ta Sakkwato. Fim yana da sharuɗɗa uku da suka saɓa wa tarbiyyar ɗan kama. Na farko, maimaici: ana iya ɗaukar fitowa guda sau da yawa, kuma dole a sake magana da motsi yadda aka yi su, alhali ɗan kama bai saba faɗin abu sau biyu iri ɗaya ba. Na biyu, ba a bin jerin labari wajen ɗauka. Ana iya ɗaukar ƙarshe kafin farko, don haka sai ɗan wasa ya riƙe halin da yake kwaikwaya a zuci. Na uku, lokacin sakin magana, wanda shi ne ran ban dariya, ya fita daga hannunsa ya koma ga mai yanka hotuna da haɗa su. Bugu da ƙari, kyamara tana matsowa kusa da fuska, ta yadda ɗaga murya da wurga hannu da suka dace da fili sukan zama wuce gona da iri.

Wannan ba matsalar Hausawa kaɗai ba ce. Charlie Chaplin ya taso ne a dandalin raha na Ingila kafin ya shiga fim a Amurka a 1914, kuma an san shi da yawan maimaita ɗaukar fitowa guda har sai ta yi masa daidai. Wato sai da ya koyi sana'a ta biyu, sa'an nan ta farko ta yi masa rana.

Rabilu Musa Ɗan Ibro, wanda ya rasu a Disamba 2014, shi ne misali mafi bayyana a fim ɗin Hausa. Masu shirya fim sun gane cewa ƙarfinsa a bakinsa yake, sai suka sakar masa linzami, suka riƙa gina labari a kansa, har sunan Ibro ya zama farkon sunayen finafinai masu yawa. Ribar wannan ita ce raha mai rai. Hasararsa kuwa ita ce labarin yakan zama siriri, halin kuma ba ya sauyawa daga fim zuwa fim. A nan ne ya bambanta da ɗan wasa irin Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, wanda ya iya tuɓe hali ya sa wani.

Akwai kuma bambanci na hukunci. Maganar ɗan kama iska ke ɗauke ta da watsewar taro, kuma al'ada ta ba shi rigar kariya, domin ba a fushi da wawa. Abin da aka ɗauka a kaset kuwa ya zama shaida. Jihar Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001, kuma a 2008 wata kotu a can ta ɗaure Ɗan Ibro bisa tuhumar da ta shafi dokar tacewa.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ya kamata mai nazari ya tambayi kansa wace fasaha yake aunawa kafin ya yanke hukunci. Wanda ya zargi Golobo ko Ɗan Ibro da rashin sauya hali, ya auna su da mudun da ba nasu ba. Wanda kuma ya ɗauka duk mai saurin baki ɗan fim ne, ya raina aikin kyamara. Haka nan, rubuta kalmomin ɗan kama kaɗai a takarda bai isa nazari ba, tun da rabin wasan yana wajen taro. Aikin da ke gaban ɗaliban Hausa, musamman na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, shi ne su ɗauki sauran 'yan kama a hoto tare da masu kallonsu, su kuma nemo tsofaffin kaset-kaset na gidan talabijin su adana, tun masu iya bayaninsu suna raye.